Gefen Littafin Inna

Wurno, 12 ga watan Safar, 1357

Takarda ta fito daga hannun Bara'atu ɗiyar Malam Sodangi, zuwa ga aminiyata Gazala matar Halfalla mai sayen fata, a Kano. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fatan kun sauka lafiya, gajiyar mota da ta jirgi ta sake ki. Ina ciwon kan nan naki, ya tsaya a Rabah ko ya bi ki har can? Ki gaishe mini da maigidan. Mu nan lafiya lau, sai zafi, har albasar fadama ta fara kwantar da kai.

Bayan haka, tun da kuka rufe kantinku na Rabah garin ya yi mini faɗi. Na je makon jiya wurin yarinyar nan tawa, na bi ta ƙofarku, na iske awaki sun gaje rumfar da muke zama. Sai na tuna ranar da na fara leƙa rumfar, shekara uku ke nan, na gan ki da littafin Larabci a cinya. Na ce a raina, ashe Bayahudiya tana karatu? Ke kuma kika ce a naki ran, ashe matan ƙauye suna yi? Da muka tona wa juna daga baya, har maigidanki ya bar awon fata ya leƙo ya ga mi ke ba mu dariya.

Na gama littafin da kika bar mini, ɗan ɗab'in Masar, labarin matar da ta yi shekara goma sha biyu tana jiran jirgin mijinta a bakin teku. Kin ce ƙawayenki duk sun yi kuka a kansa. Ni ban yi ba, Gazala, haushi na ji. Mace da hannu biyu, ko gyaɗa ba ta soya ta sayar ba, sai kallon ruwa? Amma wurin da ta wanke rigarsa ta shanya, alhali ta san ba mai sawa, wannan kam ya taɓa ni, sai da na rufe littafin. Ki rubuta haka a littafinku na zagaye, in ana karɓar bakin wadda ba Bayahudiya ba. Har yanzu abinku yana ba ni sha'awa. Mata bakwai 'yan Tarabulus, mazanku sun watsa ku Kano da Zariya da Jos da Gusau saboda fata da gyaɗa, ku kuma kun ƙi watsuwa. Littafi ɗaya yana yawo tsakaninku, kowace tana sa abin da ta karanta kwanan nan ya yi mata daɗi, ta ce wa saura su nema. Mu nan sai an zo ziyara muke ganin juna.

Yanzu maganar nawa littafin, na Inna, Allah ya jiƙanta. Kin roƙe ni ki tafi da shi ki maimaita da idonki, ni kuma ban iya hana ki ba. Ta yaya zan hana ki, bayan shi na riƙa karanta miki a kwanakin da kika binne ɗanki a ƙasar da ba taku ba? Ban manta yadda kika riƙe hannuna ba, da karatu ya kai mu wurin da tsohuwar labarin, mai tafiya Makka a ƙasa, ta binne nata ɗan a bakin hanya, ta ɗora dutse, ta ɗauki sandarta. Don haka ki karanta a tsanake, sai dai ga sharaɗina. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne kamar naku, warƙa-warƙa suke, wannan ɗari da arba'in ne cif. A ƙasan kowace warƙa akwai kalmar da ta gaba za ta fara da ita, in sun hargitse da ita ake jera su. Kada ki buɗe shi a iska. In kin gama ki haɗa shi, ki mayar a gafakarsa ki ɗaure. Ƙanena Jelani, wanda littattafan gidanmu ke hannunsa, bai san ya fita ba. Ina son abina kafin watan Rajab, lokacin da matan Marnona da Rimawa ke zuwa karatu wurina.

Kin tambaye ni ƙananan rubutun nan na ajami da ke gefen warƙoƙin, masu kama da sawun tururuwa. Kada ki wahalar da idonki a kansu. Tarkacen gida ne.

Yarinyar Rabah tana gaishe ki. Na san za ki yi dariya, ki ce har a takarda ba zan kira sunanta ba. Ɗiyar fari ce, Gazala, ba a yi. Ni ma ɗiyar fari ce. Shekara arba'in da ɗoriya na yi da Inna ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga “ke” sai “waccan”. Ku da kuke sumbatar 'ya'yanku a gaban baƙi ba za ku gane kunyarmu ba, mu ma ba mu gane taku rashin kunyar ba.

Mode dillalin fata zai kai wannan Gusau, daga can jirgi ya ɗauka. Amsa ma ta hannunsa za ta zo. Allah ya bar zumunci. Haza wasalam.

Taki,
Bara'atu


Wurno, 20 ga watan Jimada Awwal, 1357

Zuwa ga ƙawata Gazala. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigida da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Yaya damina a wajenku? Yaya ƙarfin jiki? Nan ruwa ya sauka sosai, Rima ta cika ta batse, sai da Mode ya yi kwana biyu a Goronyo kafin masu fito su yarda su ƙetare da shi. Takardarki ta iso a jiƙe ta kusurwa ɗaya, amma na karanta ta sau uku.

Kin ce kin cika shafi biyu na littafin zagaye da yabon littafin Inna. Kin ce ba ki taɓa ganin matafiyin da ke faɗin gaskiya game da ƙafarsa ba sai wannan tsohuwa, duk sauran garuruwa suke yabo, ita kuwa kaushinta take lissafawa. Wallahi kin gane ta. Kin ce Misa maƙwabciyarki ta karɓa ta karanta, ta yi kuka a wurin rijiyar da suka iske ta ƙafe, har tuwonta ya kama. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura. Na yini ina murmushi ni kaɗai, har matar Jelani ta tambaye ni ko wani ya aiko neman aurena ne.

Amma Gazala, Zariya fa? Ni Kano na ba da aro, kuma ke na ba. Yanzu kin ce yana hannun Zula a Zariya, in ta gama ta Jos tana jira, ta Gusau ma ta sa baki. Littafin nan ba ɗan ɗab'i ba ne da in ya ɓace za a aika Masar a sayo wani. Kuma ki gaya wa Zula, tun da ta ce tsohuwar ta cika surutu, ita ta taka daga nan zuwa Makka ta dawo, mu ga ko za ta iya yin shiru.

Littafin da suka ce ki aiko mini, na likitan nan da ke yawon ƙasashe yana auna kawunan mutane, na karanta rabi na ajiye. Ban san mi ya burge ƙawayenki a ciki ba. Mutum ya je gari goma bai ci abincin kowa ba, bai tambayi sunan kowa ba. Ya tuna mini da Baturen da ya zo Wurno bara yana neman tsofaffin takardu, wai zai adana mana su. Jelani ya ba shi ruwa ya sha, ya nuna masa allunan yara, ya raka shi bakin ƙofa. In za ki sa ra'ayina a littafinku, ki ce Bara'atu ta ce a bar wannan, a sake neman irin na matar bakin teku. Gara mai kallon ruwa da mai awon kai.

Jelanin nan kuwa ya fara tambaya. Ya shiga ɗakin littattafai don ya shanya su saboda laima, ya ga ƙusar da gafakar Inna ke rataye babu komai. Na ce masa tana wurin wata ɗaliba. Ban yi ƙarya ba ƙwarai, ai ɗaliba ce ke, amma tun ranar ba na iya haɗa ido da shi. Shi tsoronsa kada a ji cewa littafin gidan Malam Sodangi ya kwana a hannun waɗanda ba Musulmi ba. Ni nawa tsoron daban ne. Akwai abin da ban faɗa miki ba game da littafin nan. Na ɗauki alƙalami sau biyu in rubuta, hannuna ya ƙi. Ki dai sani ba don matan Marnona kaɗai nake son shi a Rajab ba.

Yarinyar Rabah tana da juna biyu, a bakin surukarta na ji. Ki sa ta a addu'arki irin taku, ba na raina ta kowa. Ki karɓo mini abina daga Zariya, don girman Allah. Ki gaishe da Misa mai ƙona tuwo. Na bar ki lafiya.

Ƙawarki,
Bara'atu


Wurno, 27 ga watan Rajab, 1357

Gazala, gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gidanki. Ni jikina lafiya.

Matan sun zo sun koma. Su talatin da wani abu, wasu da goyo, wasu da sanda, sun yi kwana huɗu. Na aro kwafen Goggo Sabuwa ta ƙofar gabas na karanta musu. Labarin ɗaya ne, ba harafin da ya bambanta, sun yi kuka inda suka saba yi, sun yi dariya inda suka saba. Sun samu abin da suka zo nema. Ni ce ban samu nawa ba.

Jelani ya ga littafin aro a hannuna ya gane. Na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Yau kwana tara gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

'Yar takardarki ta zo, layi huɗu. Kin ce in ƙara haƙuri, kuna shirya mini abin mamaki ku bakwai ɗin. Ba na son abin mamaki, Gazala. Na tsufa da shi. Warƙa ɗari da arba'in nake so, a gafakarsu, yadda na ba ki. Na ba ki abin da ban taɓa ba kowa ba, ko yarinyar Rabah ba ta taɓa riƙe shi ba, ke kuma kin mai da shi goron biki, kowa ya gutsura ya miƙa gaba. Raina a ɓace yake, kuma gara in faɗa miki da in faɗa wa bango.

Mode zai koma Gusau bayan sati biyu. Kada ya dawo hannu sake. Wasalam.

Bara'atu


Wurno, 6 ga watan Shawwal, 1357

Zuwa ga Gazala matar Halfalla. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta maigida, mun yi salla lafiya, na gode da barkar da kika aiko. Tarbiyya ce ta sa na fara da gaisuwa, ba don bakina na so ba.

Saƙo ya iso ranar Laraba, naɗe cikin farin alawayyo. Na kwance, na ga littafi mai bangon jar fata tana sheƙi, da zanen ruwan zinare a kusurwoyi. Na gane fatar, irin ta akuyoyinmu ce da mijinki ke saye. Na ɗauka wani ɗan Masar ne kuka sake aiko mini in yi muku tsiya a kansa. Sai da na buɗe na ga rubutun. Na duba gafakar, babu komai a ciki sai takardarki.

Na karanta bayaninki. Kin ce iska ta watsa warƙoƙin a Zariya, Zula ta sha wuya kafin ta jera su, kuka ji tsoro kada wata ta ɓace. Kin ce bakin takardun ya yi baƙi, ya zaizaye. Kuka haɗa baki ku bakwai, kuka kai wa tsohonku mai ɗinkin littattafai a Kano, ya ɗinke shi, ya sa wuƙa ya daidaita gefe uku don ya yi sumul kamar naku. Kin ce wannan ita ce girmamawa mafi girma da kuka sani. Kin ce ba a taɓa harafi ɗaya na labarin ba. Gaskiyarki, ba a taɓa ba. Labarin yana gidan Goggo Sabuwa, yana gida goma a Wurno, wataƙila yana Goronyo ma. Tsakiyar ta kowa ce. Gefen ne nawa, shi ne kuka yanke.

Yanzu da babu sauran abin karewa, bari in faɗi abin da hannuna ya ƙi rubutawa. Shekara huɗu ke nan, bayan sadakar arba'in ta Inna, na ɗauko gafakarta ina kaɗe ƙura. Na san tana yawan ɗan rubuce-rubuce a gefe, na zaci fassarar kalmomi ce irin ta masu karatu. Na kusanto da warƙar farko idona, sai na ga sunana. Sunana, Gazala, da hannun matar da ba ta taɓa faɗinsa ba. Ta rubuta: “Yau Bara'atu tay yi haƙori. Ban diba ba gaban mutane, amma na gani.” Na zauna a ƙasa. Na juya wata warƙa: “Ƙyanda ta kama Bara'atu. Goggo ka jinya, ni ina bayan zana ina saurare.” Wata kuma: “Mi as sa Bara'atu kuka yau? Na ji, na wuce awa ban ji ba.” Wani wurin zagina take yi, wai na dama fura kamar mai jin haushin nono. Shekara arba'in ina zaton ba ta kallona, ashe duk tana nan tana rubutawa. Baƙin da kuka gani a bakin takardun, yatsunta ne suka yi shi.

Ban karanta su gaba ɗaya ba. Na yi musu irin cin mai ragowar hatsi a bazara. Duk Rajab in mata sun zo, ina karanta musu tsakiya da ƙarfi, idona yana satar gefe, in ɗauki rabona na shekarar in tsaya. Inda ban kai ba, nakan dafe gefen da tafin hannuna. Kin taɓa tambayata mi ya sa nake dafe takarda haka, na ce miki sabo ne. Na kai warƙa ta ɗari da ashirin da tara. A nan rubutun ya fara karkacewa, ta ce: “Bara'atu, hannuna ya hwara rawa. Abin da yar rage in hwaɗa miki shina gaba, ki yi haƙuri da ni.” Na rufe. Saura goma sha ɗaya, kuma na ga gefensu cike yake fiye da na sauran. Na ce sai Rajab ɗin bana. Na san ranar da na karanta ta ƙarshe, ranar ce Inna za ta mutu da gaske, shi ya sa nake jan ƙafa. Sai kika roƙe ni, kina cikin baƙin cikin ɗanki, na ji kunyar cewa a'a.

Na bi warƙoƙin nan goma sha ɗaya a hasken rana, ɗaya bayan ɗaya. Wuƙar tsohonku tana da kaifi. Ta bar mini jelar wasu baƙaƙe a bakin takarda, da ɗigo nan da can. Ba kalma ɗaya da ta tsira.

Kin san abin da ya ƙarasa ni? Jelani ya shigo ya iske littafin a kan tabarma. Ya ɗauka, ya shafa fatar, ya juya shi, fuskarsa ta washe. Ya ce, “Wanga aiki ba na ƙasag ga ba na! Yaya, da kin hwaɗi tun hwarko ai da ban yi hushi ba.” Ya yafe mini nan take, ya tafi da shi zaure yana nuna wa baƙin salla. Uwarmu ɗaya da shi, bai lura an cire komai ba. Shi ai ta kira sunansa har ya gaji da ji.

Ina jin haushinki, ina jin na Misa da Zula da sauran da ban san fuskarsu ba. Amma in na gama zagayen, kaina nake isowa. Kin tambaye ni da bakinki, na ce miki tarkacen gida ne. Kunyar da ta rufe bakin Inna ita ta rufe nawa. Da na ce miki kalma uku, “rubutun uwata ne”, da ba ki bari wuƙa ta kusance shi ba, na san wannan.

Abu biyu nake roƙo, kuma ban saba roƙo ba. Ki je wurin tsohon nan ki tambaye shi inda ya zuba abin da ya yanke, ko a shara ne a tsince mini, ni zan jera su ko zai ci mini shekara. Na biyu, ki tambayi ƙawayenki. Kusan wata takwas yana hannunku, ku masu karatu ne, wasunku sun iya ajami. Ko akwai wadda idonta ya faɗa gefen warƙoƙin ƙarshe? Ko layi ɗaya ta tuna, ina so.

Allah ya sa wannan ta same ki lafiya. Wasalam.

Bara'atu ɗiyar Inna


Wurno, 18 ga watan Zulhajji, 1357

Zuwa ga Gazala. Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya hannun naki? Kin ce fartanya ta yi miki kanta har ta fashe, ki riƙa shafa man kaɗe. Ki gaishe da maigida. Mu nan an fara cirar albasa, gari duk warinta.

Takardarki ta zo, na ga inda hawaye ya narkar da tawada. Kin ce tsohon bai zubar da komai ba. A al'adarku ba a jefar da takarda mai rubutu, kada ya zama sunan Allah yana ciki, don haka ya tara yankakkun a tulu tare da tsofaffin takardun ibadarku, ya binne a bayan gidansa tun ruwa bai ɗauke ba. Kin ce ya hana a tona, wai abin da aka binne an binne. Kika faki idonsa ranar da ya tafi kasuwa, kika tona da hannunki, kika iske tulun ya tsage, gara ta gama aikinta, sai jar ƙasa. Na yarda da ke. Na kuma san abin da hakan ya jawo miki a wurin mutanenki. Ki ce wa tsohon ban riƙe shi da komai ba, shi kaɗai ne a cikinku ya zaci akwai abu mai daraja a gefen. Ashe sau biyu aka binne Inna, na biyun ba a gayyace ni ba.

Kin tambayi ƙawayenki ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta karanta. Misa ta ce ta so ta gwada, sai ta ga abin da kika rubuta a littafin zagaye a ƙarƙashin yabonki, cewa mai littafin ta ce kada a wahala da rubutun gefe. Wato maganata ta riga littafin isa kowane gida. Kun bi umarnina sarai, ban taɓa samun ɗalibai masu jin magana kamarku ba.

Littafin zagayen naku da kika aiko, da shafin da kuka ware mini don in zama ta takwas, ga shi na mayar ta hannun Mode. Na gode da karamci. Na duba abin da kowace ta rubuta, akwai masu hankali a cikinku, Zula ma ashe ta iya magana. Amma ban sa komai a shafin ba. Kuna tambayar mi na karanta kwanan nan ya yi mini daɗi, ni kuwa abin da ban karanta ba shi ke zaune a ƙirjina. Ba na cewa zumuncinmu ya mutu. Ina cewa kada ki aiko mini littafi yanzu, kada kuma ki roƙi wani.

Yarinyar Rabah ta sauka lafiya kwana goma kafin babbar salla, mace aka samu. Na je. Ina hanya ina gaya wa kaina cewa yau zan kira ta da sunanta, kowa ya ji, abin da za a ce a ce, kada ita ma ta jira sai na mutu. Na shiga na iske ta zaune da jaririyar, ta ɗago ta dube ni. Na buɗe baki, Gazala. Abin da ya fito shi ne, “Ke, an sauka lahiya?” Na fita na zauna bayan zana tare da tsofaffi, ina jin kukan jikata daga nesa.

Mai jar fatar yana zaure wurin Jelani, can ya dace da shi. Ni na sayi takarda, na dafa tawada, na sake aro kwafen Goggo Sabuwa. Ina kwafar labarin da hannuna, warƙa-warƙa, na bar gefe mai faɗin yatsa huɗu. Abin da na tuna na Inna ina mayar da shi wurinsa, ban tuna ko rabi ba. A ƙarƙashin nata ina sa nawa. Jiya na rubuta na farko: “Uwaliya ta haihu. Ban ɗauki ɗiyar ba gaban mutane, amma na ga tana da goshin Inna.” Ke ce mutum ta farko da ta ga sunan nan daga hannuna, kuma wannan littafin ba zai je Kano ba.

Na auna, in Allah ya ba ni rai zan gama kafin Rajab. Warƙa goma sha ɗaya na ƙarshe zan bar gefensu fari, ba zan sa ko ɗigo ba. Wurin Inna ne.

Allah ya ba mu haƙurin abin da muka yi da hannunmu. Haza wasalam.

Wadda ta ba ki aro,
Bara'atu